Ranar Buɗe Ƙaramar Tashar Port Ansley

Mai girma shugabar wannan taro, Magajiyar Garinmu, Uwargida Lorna Fougere. Mai daraja Rabaran Cecil Downey. Shugaban 'yan kwana-kwana da jaruman da ke tare da shi, waɗanda suka ba mu aron wannan zaure. Tsofaffin 'yan dakon tasha da iyalansu. Iyayena maza da mata, 'yan uwana mutanen Port Ansley, ina yi muku barka da yamma, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Ardith Comeau, sakatariyar ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ta wannan gari. Da yawanku kun san ni da ƙarfen cire haƙori a hannu, to yau ku kwantar da hankalinku, babu wanda zan ce ya buɗe baki.

Kafin komai, godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Godiya ga matan coci da suka riƙe mu da miyar kifi da shayi mai zafi duk tsawon hunturu. Godiya ga kowane gida da ya zaro tsohon hoto daga bango ya ba mu amana. Godiya kuma ga matanmu da mazajenmu, waɗanda suka haƙura da warin gam da fenti a ɗakin girkinsu.

Magana ta farko ita ce abin da ke ƙarƙashin wancan mayafi. Tsohuwar tasharmu ce ta jiragen ruwa, kamar yadda take kafin a rushe ta a zuba kwalta a wurin. Za ku ga layin dogo ya biyo bakin ruwa, za ku ga taragan tuffa da na katako da na kwal, za ku ga siton gishiri da rumfar shayin Madam Veinot, inda iyayenmu ke ɗumama hannu kafin su shiga aiki. Kowane abu an mayar da shi ƙarami, har mutum bai kai tsawon farcen yatsa ba. Amma ba mu ƙanƙantar da kowa ba. Mun yi ne domin jikokinmu su san cewa wurin da suke ajiye mota a yau, da gumin kakanninsu aka ciyar da garin nan daga cikinsa.

Magana ta biyu, kuma ita ce mafi nauyi a zuciyata, labarin mutum biyu ne. Ga su nan a sahun gaba: Mista Orval Boudreau, tsohon mai walda, a keken guragu, da Mista Wendell Zwicker, tsohon direban bas, tsaye a bayansa. Tun suna samari suke musu, a kan siyasa, a kan kamun kifi, a kan wanda ya fi iya gasa nama. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya "gaskiyarka" ba.

Orval shi ya ɗauki aikin ƙera ƙaramin samfurin babban injin ɗaga kaya na bakin tasha, domin mahaifinsa ne ya tuƙa shi har ya tsufa. Babu mai hannu irin nasa a cikinmu. Ya yi nisa da aikin, ya gama ƙafafun injin, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya juya kujerarsa ga bango, ya ce wa matarsa Bernice ta kwashe kayan aikin ta zubar. Abinci ma sai da lallashi. Muka je, muka gaishe shi, muka yi masa magana mai daɗi, bai ko waiwayo ba.

Wendell bai je da magana mai daɗi ba. Ku dubi yatsun wannan bawan Allah, kowane ɗaya kamar ƙotar gatari. Da su ya zauna ya ƙarasa injin, ya ɗauka ya dire a kan teburin Orval. Bernice ce ta ba ni labari. Ya ce, "To, tsoho, tunda ka yi ritaya, ga shi na gama maka. Gobe za a kafa."

Orval ya saci kallo. Hannun injin ya karkace, gam ya dalalo ta ko'ina, ƙugiyar tana kallon sama. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan maganar ta fito: "Wane makahon ne ya yi wannan?"

"Ni ne. Kuma ya fi naka kyau."

"Ubana zai hau wannan? Ko akuya ba za ta hau ba!"

"To ka tashi ka gyara mana, sarkin iyawa."

"Da wane hannun, Wendell?"

Sai Wendell ya jawo kujera, ya shimfiɗa manyan hannayensa a kan tebur, ya ce, "Ga guda biyu nan, ba su da hankali. Kai ka faɗa, su yi."

Jama'a, haka aka sake ƙera injin nan tun daga tushe. Orval na riƙe ƙarfe da hagu, Wendell na liƙawa. Orval na tsawa, Wendell na ramawa. A ɓalle, a sake. A ɓalle, a sake. Maƙwabta sun sha zaton faɗa ake yi. Likitarsa ta ce ba ta san wane motsa harshe yake yi a gida ba, amma ya ci gaba. Bernice ta ce, "Zagin Wendell ne, likita." Da bazara ta shigo, Orval ya koma cin abincinsa, ya koma zuwa taronmu. Na tambayi Wendell ko da gangan ya ɓata na farkon. Ya ɓata rai ya ce, "Ardith, iyakar ƙoƙarina ke nan, kada ki ci mini mutunci." Har yau ban san gaskiyar ba, kuma na daina tambaya.

Ina jinjina wa wanda ya faɗi ya yarda a ɗaga shi, ina jinjina wa wanda ya ɗaga bai nemi a gode masa ba.

Magana ta uku saƙo ce. Ɗazu a bakin ƙofa Orval ya riƙo rigata, ya ce harshensa ba zai iya taro ba, in faɗa a madadinsa. Wendell bai san da wannan ba. Orval ya ce: "Ki gaya musu hannuna bai mutu ba. Gidan Wendell ya koma."

Wendell, ka share idonka, akwai sauran aiki. Ka turo abokinka gaban makunni, shi zai tayar da jirgin ƙasa na farko.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka yi dako a tashar nan suka riga mu tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masuntanmu a kan teku, ya ba kowannenmu aboki mai tsayawa ranar da ƙarfi ya ƙare. Allah ya albarkaci garinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A yaye mayafin. Na gode.