Alkamar da Ta Ƙi Tsirowa

A tashar motar garin Serres, ana gobe Juma'ar makokin Almasihu, wata dattijuwa na rungume da faranti cike da tsiron alkama. Wani tsoho mai tabarau, riƙe da jarida, ya zauna kusa da ita.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika ɗauko?" in ji shi.

"Alkama ce. A ƙofar gida zan ajiye, in masu zagayen coci sun zo wucewa."

"Ba ta coci ba ce! Shekara talatin ina koyar da tarihi. Matan zamanin da ne ke shuka ta a kasko, su hau rufin ɗaki da dare suna yi wa gunkinsu Adonis kuka. Wahalar banza!"

"To Malam, na tambaye ka?"

"Haka na yi ta gaya wa matata Froso, har ta rasu ba ta daina shuka ta ba."

"Ta sha haƙuri. Matsa, kana danne min ganye."

Ya matsa. Can ya ce, "Wani maƙwabcina tasa ta ƙi fitowa. Mako biyu, sai wari."

"Wace iri ya saya?"

"Surfaffiya na saya."

"Kai, na ga ta kaina! Duk karatun nan, ba ka san surfaffiya ba ta tsiro?" Ta tsaga tsiron biyu, ta ɗora masa rabi a kan jaridarsa. "Ungo, kai wa maƙwabcin naka. Ka ce masa in kuka zai yi, ba sai ya hau rufi ba."