Mamu Mai Gashi na Dutsen Figil

A tashar Garwa, wani dillalin shanu ya tare wani malami da bai sani ba.

"Allah gafarta Malam, jiya ina la'asar a gindin dutsen Figil, sai wani abu ya bi ni sallah. Dogo, gashi har ƙafa, ba riga. Na samu ladan jam'i?"

"Bawan Allah, babu irin wannan halitta. Goggon biri ne."

"Biri ne zai gyara mini sallah? Na manta raka'a, ya buga ƙirji, na miƙe na ciko."

Malam ya matso kusa.

"Ya tsaya har sallama?"

"Har addu'a."

"To, ka samu. In ka sake ganinsa, ka ce masallacina yana unguwar Poumpoumré. Mutanena, kafin in juyo sun watse."