'Yar Shekara Uku da ke Cikin Salulata

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance da ku. Ni ne Iliya, mai gyaran manyan motoci a garajin hanyar Ingall. Kun saba ganina a bencin baya, amma ba ku san ina da 'ya ba.

Da matata Saratu ta rasu, 'yarmu Rahila tana da shekara uku. Na kai ta Maradi wurin yayata Hannatu, na ce wata biyu zan dawo. Gaskiyar ita ce ba na iya kallon yarinyar, fuskar uwarta ce sak. Na dawo Agadez na faɗa giya. Yaya ta yi ta kira har ta gaji.

Bara kaɗaici ya ishe ni. Wani abokin aiki ya sa mini aplikasiyon neman aure a salula, irin wadda na'ura ke hira da kai don ta san halinka kafin ta haɗa ka da wata. Da tsakar rana, ina zaune a inuwar wata motar gishiri, na'urar ta fara tambaya. Kana sha? Na ce a'a. Kana zuwa sujada? Na ce ba na fashi. Ƙarya dai nake shararawa, ko kunya babu.

Sai ta nemi izinin duba hotunana. Na yarda, na manta tsoffin hotuna na cikin katin ajiya na salular.

Ta rubuto da Faransanci: "Na ga kana son zama da abokai. Na kuma ga kana da ƙaramar 'ya, kamar 'yar shekara uku. Za ka so matar da za ta riƙe ta?"

'Yan'uwa, Rahila shekararta tara a lokacin.

Na yi ta jan hotunan da yatsa mai baƙin mai. Kwalabe, motoci, kwalabe. Shekara shida, babu sabon hotonta ko ɗaya. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da na ajiye ta gani.

Na durƙusa nan gefen taya, na yi kuka. Na ce, "Ya Yesu, mata nake nema, ga 'yata na yar. Ka gafarta mini, ka cire mini kwalbar nan."

Na kira Maradi. Yaya ta ce, "Iliya, ashe kana da rai?" Ta miƙa wa yarinyar wayar. Rahila ta ce, "Ina wuni, tonton."

Tonton, wato kawu. Ban yi gardama ba, ni na jawo.

Barin giya bai zo da sauƙi ba. Sau biyu na koma, fasto ya sani. Amma duk Lahadi ina kira, kuma sau uku na je Maradi. Wata takwas ke nan ban sha ba.

Aure ban samu ba tukuna. Amma Lahadin da ta wuce, da za mu ajiye waya, Rahila ta ce, "Baba, yaushe za ka zo?"

Na gode wa Ubangiji. In akwai wanda ka bari a baya, ka dogara ga Yesu, ka kira shi yau. Ni jibi zan hau mota. Amin.