Taga a Ƙyauren Tol

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu mai rai. In za ku amsa, ku dube ni ku amsa, don ni da ido nike jin amin ɗinku.

Saboda baƙin da sunka zo daga Madawa da Buza, sunana Tabita, matar Yohanna, wanda ke shara da wanki a likita, wato asibitin garin nan Keita. Ni kurma ce. Ba haka anka haife ni ba. Sanƙarau ya kama ni ina budurwa a Allakaye, ya bar ni da rai, ya tahi da kunnuwan. Magana kam ina da ita, har ta yi yawa in ji maigidana, ji ne babu. Fasto, in muryata ta yi sama kamar mai kiran awaki ka ɗaga mini hannu, ni ban san ta yi ba.

Leɓe nike karantawa. In mutum ya matso kusa, haske na bisa fuskarshi, kusan duk abin da ya faɗa na ɗauke. Matan zumunta sun sani, in za su yi gulmata sai sun juya mini ƙeya. Kuna dariya, ai gaskiya ce! Haka na rayu shekara da shekaru, na yi aure, na haihu, na aurar da ɗiyata Rahila a Madawa, har mutane kan manta ba ni ji.

Sai ga Korona.

Ranar da baban Rahila ya dawo daga aiki da ƙyalle a baki, ya janye shi ya ce mini sunanshi takunkumi, na yi dariya har da hawaye. A ƙauyenmu jaki ake sa ma takunkumi kada ya ci hatsin mutane. Na ce, “To maigida, gonar wa ka shiga?” Ban san dariyar ƙarshe ke nan ba.

Kafin in ankara duk bakin garin ya rufe. Mai nama, mai cefane, ma'aikatan likita, kowa ido kawai. Ina ganin ƙyalle na motsi, na san magana ake yi mini, amma mi ake cewa? Sai in gyaɗa kai in yi murmushi kamar wawuya. Wata rana na gyaɗa ma wata mata kai ina fara'a, ashe rasuwar uwarta take faɗa mini. Kunya ta hana ni sake fita. Majami'a ma an rufe. Baki ɗaya ya rage mini a duniya, na baban Rahila. In ya dawo ya wanke hannu da sabulu a bido, jarkar ruwan da munka rataye ƙofar gida, ya tuɓe kayan aiki, ya zauna gabana ya kwashe labarin gari ya ba ni.

Shi ma sai anka rufe shi.

Zazzaɓi ya fara, tari ya biyo. Majo, babban ma'aikacin likitarsu, ya rako shi gida, su biyu baki a rufe. Majo ya yi ta bayani, shina nuna ɗakin tsakar gida, shina nuna ƙirjina, don ya san ina da ciwon fuka. Maigida ya ja baya can nesa, ya sauke ƙyallen ya yi mini magana. 'Yan'uwa, idona ma ya fara tsufa, daga nesa leɓe ba ya karantuwa. Kalma biyu na tsinta: “Kada ki.” Ya shiga ɗaki ya ja ƙyauren tol, irin na kwanon rufi.

Da hannu majo ya koya mini sauran. In sa takunkumi, in aje abinci bakin ƙofa, in buga, in ja baya. Kwanonshi dabam, a wanke da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta. Hannu kuwa na wanke shi har fatar ta tsage. Ba na zagin takunkumi, ku ji ni da kyau. Allah ya yi amfani da shi da sabulun nan, ciwon bai taɓa ni ba. Amma ku tsaya ku duba halin da nike ciki.

Mijina na bayan ƙyaure. In ya yi tari ban sani ba. In ya kira ni ban sani ba. In numfashinshi ya sarƙe shina neman wanda zai ruga ya kira majo, ni ina nan zaune taku kaɗan da shi ina tsince wake! Ɗakin ba taga, sai 'yar kafa can sama. Karatu ban yi ba, balle ya rubuta ya turo. Rahila na da tsohon ciki, ubanta ya hana ta zuwa. Kwano kawai ke ba ni labari. In ya fito wayam, in ce shina da rai. In ya fito da saura, in ce ciwo ya yi ƙarfi.

Ni da shi ban san wa anka kulle ba. Shi aƙalla shina jin kiran salla, shina jin jakin maƙwabta. Ni gidan ya zame mini rijiya.

Ran nan da rana tsaka, zafin bazara na dukan ƙasa, na tarar da furar safe inda na aje ta, ƙuda na bin faifan. Na buga ƙyaure. To ko ya amsa, wa zai faɗa mini? Na kama mariƙin zan buɗe, na tuna “kada ki”. Na saki. Na sake kamawa. Na durƙusa na kafa goshina a jikin tol ɗin da zafinshi.

Addu'ar da na yi ba mai ladabi ba ce. Na ce, “Yesu, kai ka buɗe kunnen kurame, an faɗa mini. Tun ina budurwa ban matsa maka ba, na haƙura da abin da ka bar mini. To shi ma an rufe! Mi kake so in yi? Ba ni roƙon in ji waƙa, ba ni roƙon in ji tsuntsu. Mutumin ga kaɗai nike so in ji.” Na yi kuka, kuma na san da ƙarfi na yi shi.

Sai na ji tol ɗin na rawa a goshina. Kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya sake. Shina da rai! Amma kira ne, ko tari ne, ko shure-shuren mutuwa? Na zabura ko takalmi babu, na faɗa gidan maƙwabcinmu Malam Abdu mai gyaran mota, ina kiran matarshi, “Hajo! Hajo, zo ki ara mini kunnenki!”

Hajo ta fito tana ɗaura takunkumi. Baiwar Allah, duk kwanakin nan ita ke miƙo mini ruwa ta bisa katanga lokacin da mutane ke kewaye ƙofarmu. Akwai wata matacciyar mota a tsakar gidansu ƙarƙashin iccen bedi, babu taya, Malam Abdu kan shiga ciki ya huta. Ihuna ya tashe shi. Ya ɗago kai, ya matso da fuska jikin gilashi, baki buɗe, ya ce, “Subhanallahi, lahiya, uwar Rahila?”

Na tsaya cik. Na ce, “Malam, sake faɗi.”

Ya ce, “Na ce lahiya?”

Na ji shi! Ta bayan gilashi, iskarshi ba ta iso ni ba, tawa ba ta kai gare shi ba, amma kowace kalma na ɗauke ta. Na dafa motar ina tsalle ina cewa, “Wanga! Wanga nike so!” Sunka ɗauka na zautu.

Hajo ta riga mu zuwa ta saurara a ƙofa, ta dawo ta nuna mini da hannu cewa maigidana na magana. Malam Abdu ya gane nufina. Ya kwance gilashin, ya aika anka tambayi majo, majo ya yarda. Malam Abdu ya rufe bakinshi da rawani bisa takunkumi, ya zo da almakashin ƙarfe ya yanke ƙyauren daidai tsayin mutum a zaune, ya kafa gilashin, ya toshe gefe da robar taya. Na yi ta godiya. Ya ɗaga hannu sama wai a gode wa Allah, ya wanke hannuwanshi a bido, ya tahi.

Na goge gilashin da bakin zanena na zauna. Can sai ga fuska ta matso cikin haske. Wayyo, ya rame! Ido ya faɗa, gemu ya yi buzu-buzu, leɓe duk ya bushe. Ya ɗaga hannu a hankali ya sauke takunkumin. Na ce yanzu zai bar mini wasiyya.

Ya ce, “Tabita, furar taki ta yi tsami. Tun safe nike faɗa miki.”

Ku ji mutum! Ni ina nan ina mutuwa, shi ta fura shike! Na yi dariya, na yi kuka, na zage shi, na gode wa Allah, duk a zama ɗaya. Sannan ya ce, “Na ji addu'arki. Duk unguwa ta ji. Ni ne nike buga miki ƙyaure da ƙafa, kada ki buɗe.”

Daga ranar, in numfashi ya matsa mishi ya faɗa mini, in ruga in kira majo. Sau ɗaya ya yi tsanani sosai, kuma na gani a bakinshi da wuri. Ga shi can zaune a layin maza, ya sunkuyar da kai wai shi kunya. Ɗago, baban Rahila, su gan ka!

'Yan'uwa, har yau ba ni ji. Kunne na roƙa, Ubangiji ya ba ni taga, ta hannun maƙwabcin da ba majami'armu ɗaya ba. Kai da ke zaune nan an rufe maka kowace ƙofa, kada ka bar kiranshi, ko da faɗa-faɗa ne irin nawa, shi ba kurma ba ne. Gilashin na nan a ƙyauren. Maigida ya ce a cire, na ce sai bayan raina.

Godiya da ɗaukaka ga Yesu. To ku ɗago fuskokinku gaba ɗaya, ku ce amin a hankali.

Yauwa. Na ji.