Jujin Unguwa a Ƙofar Gidana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Bukar mai tattasai ne daga Diffa.

Ranar da bulama, wato mai unguwa, ya kira taron tsara sabuwar unguwarmu, na ce zancen 'yan boko ne, na tafi shanyar tattasai bakin kogin Komadugu. Maƙwabcina Ari ya je. Da mutanen magajin gari suka tambayi inda za a sa juji, sai ya ce, "Ƙofar Bukar, ai tattasai ya riga ya kashe masa hanci."

Yanzu 'ya'yana tare da ƙudaje suke cin tuwo.

Jama'a, ku riƙa zuwa taro. Jibi za a zaɓi wurin makewayin kasuwa, kuma tabarmata ce a gaba. Ari, ina gaishe ka. Na auna filin bayan ɗakinka, ya isa daidai. Bashinka yana wuyana, jibi zan biya.