Na Gama Tsere Babu Mai Tarbata

Assalamu alaikum ya ustaz mai gabatarwa. Ni manomin riɗi ne daga Mafaza a ƙasar Sudan. Tun da ƙanena da muke gudu tare ya tafi Masar neman aiki, ni kaɗai nake gudu.

Makon jiya na shiga tseren dogon zango a Gadarif. Hanya a shimfiɗe, ba tudu ba gangare. Wallahi masu shiryawa sun kyauta: ga ruwan sha a kowace kwana, an tsayar da motoci, likita yana biye da mu.

Da muka kai ƙarshe, kowa da masu tarbarsa. Na zauna gindin bishiya ina haki. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, ina mutanenka?"

Don Allah, in akwai mai son gudu a yankinmu, ya same ni a bakin kogin Rahad bayan sallar asuba.