Ranar da Na Cika Aji da 'Yan Raksha

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta kasance tare da ku duka.

Sunana Ayuba. Waɗanda suka daɗe a wannan zumunta tamu ta masu jin Hausa sun san ni a matsayin kukun wata ƙaramar kwalejin horar da fastoci a Omdurman. Tun ina saurayi na zo Sudan daga ƙasar Zazzau, ina dafa wa wani mai wa'azi abinci. Shi ya koma gida, ni na zauna, na yi aure, na yi furfura a bakin murhu.

Ban taɓa shan giya ba, ban taɓa sata ba. Ciwona ƙarya ce. In gishiri ya yi yawa a miya, laifin ruwan famfo ne. In na makara wurin aiki, sai in ce gada ce ta cushe, alhali a unguwar Dar Salam nake zaune, cikin Omdurman ɗin, babu wata gada tsakanina da kwalejin. Ni a lokacin ban ɗauke ta zunubi ba, dabara nake ce mata.

Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, ɗalibanmu suka kwashe kayansu, don yawancinsu 'yan can ne. Aka bar mu da 'yan samari kaɗan daga duwatsun Nuba. Majami'un da ke aiko mana da taimako su ma benci ya fi mutane yawa a cikinsu. Aka haɗe azuzuwa, aka sallami wasu malamai, nama ya ɓace daga kicin kamar bai taɓa sanin hanya ba. Babbar tukunyar ful, wato waken nan da muke karyawa da shi, na koma ina zuba mata abin da ko gindinta ba ya rufewa.

Wata rana na kai wa shugabanmu shayi. Gassis Tiya ake ce masa, gassis kuwa fasto ke nan a bakin mutanen nan. Na ji yana gaya wa wani malami cewa kwamitin ikkilisiya zai zo ranar Laraba ya ga adadin ɗalibai da idonsa, ya yanke ko a ci gaba ko a rufe. In aka rufe, wa zai ɗauki tsoho aiki? Me zan kai wa Saratu matata?

Ban tambayi Gassis shirinsa ba. Ban tambayi Ubangiji ba. Na je wurin maƙwabcina Hamza, Bahaushe Musulmi ɗan Jazira, wanda ke da raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, yana kuma shugabantar 'yan tasharsu. Kun san al'adar garin nan: in Allah ya yi wa mutum wani alheri, yakan yi karama, ya dafa abinci ya kira jama'a, kuma ba a ƙin zuwa.

"Hamza, ina da karama ranar Laraba a wurin aikina. Ka zo da yaranka duka."

"Mabruk, Baba Ayuba! Karamar me?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Na dubi ƙasa, na ga gwiwata mai ciwo, na ce, "Ƙafata ce ta warke."

"Yanzu fa na ga ka shigo da ɗingishi."

"Sabo ne kawai."

Da na gaya wa Saratu, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Baban Rifkatu, gidan Allah za ka ceta da ƙarya? To, shi Allahn ka sanar da shi?" Na ce mata ba ta san harkar makaranta ba.

Ranar Laraba Gassis ya haye gada zuwa Hartum ɗauko 'yan kwamiti. Da hantsi rakshoshi suka cika bayan katanga. Na ce wa mutanena rana ta yi zafi, su shiga babban aji akwai fanka. Na zaunar da su a benci layi-layi, na tura ɗalibanmu na gaskiya gaba, na ce musu waɗannan baƙi ne, kada su yi surutu. Ni kuwa ina ta kai da kawo a miƙe kamar soja, gwiwa tana cizona, ina murmushi.

Dabarata ita ce in riƙe abinci har kwamiti ya leƙa ya wuce, don na san in suka ci za su watse. To, ranar sai gada ta cushe da gaske! Hantsi ya wuce, rana ta take. Hamza ya leƙo ta taga: "Baba, karama ce ko azumi?" Na ce albasa nake yankawa.

Da baƙi suka iso, shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gashi da sanda, ya tsaya a ƙofar aji ya ɗaga hannu sama. "Gassis, kai da ka ce ɗalibai sun ƙare! Dubi girbi!" Gassis Tiya ya dubi ajin. Ya juyo ya dube ni. Na duƙufa ina goge tire da ba shi da datti.

Dattijon ya matsa wurin Hamza, ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, me ya kawo ka wannan gida?"

"Baba Ayuba ne ya kira mu, ya Hajj. Ƙafarsa ta warke."

"Haleluya! Har warkarwa ana yi a nan? Ayuba, taka mu gani!"

'Yan'uwa, na taka. Daga allo zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa allo, 'yan kwamiti suna tafi, 'yan raksha suna cewa masha Allah, hawaye na zubo mini. Kowa ya ɗauka na murna ne.

Ana cikin haka masallacin bayanmu ya kira azahar. Ajin nan gaba ɗaya ya miƙe. Wannan yana naɗe hannun riga, wancan yana cire takalmi, wani ya tambayi shugaban kwamitin ko ya san inda ake ajiye buta. Suka fita tsakar gida suka ja sahu a inuwar dalbejiya. Aji ya koma na samarinmu kaɗan, suna kallon silin.

Na gudu kicin, da ɗingishina na asali. Na durƙusa a gefen tukunya na ce, "Ya Ubangiji, na yi wa baƙi ƙarya, na yi wa maƙwabtana ƙarya, na jawo wa bawanka Gassis kunya, har sunanka na sa a ciki. Ba ni da wata ƙaryar da ta rage. Ka gafarta mini, ka ba ni bakin faɗin gaskiya, ko da aikin zai tafi." Ban ji wata murya ba. Amma tsoron nan da ya kama ni tun ranar shayi ya sake ni. Yabo ga Allah!

Na jira aka idar da salla. Na tsaya a tsakar gida na faɗi komai, da Larabci da Hausa, don kada wani ya rasa rabonsa.

Hamza ya harare ni. "Wato ɗaliban coci ka mai da mu, Baba? Kuma da yunwa? Da ka ce mini makarantarku ce ke cikin matsala, ai da mun zauna mun yi shawara. Maƙwabcin me ke nan?" Wannan maganar ta fi mari zafi. Na roƙe shi gafara a gaban yaransa. Sai ya ce, "Na yafe. Amma ful ɗin dai na gaskiya ne ko?"

Dattijon nan ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce a kawo abinci tukuna, hukunci ba ya kyau da yunwa. Aka zauna a tabarma, fasto da ɗan raksha hannu a tire ɗaya.

Nan ne Gassis ya faɗi abin da ya shirya tun farko, wanda da na tambaye shi da ya gaya mini. Niyyarsa ya nuna wa kwamiti ajin a yadda yake, ya roƙi a bar 'yan ɗaliban su gama, azuzuwan da ba kowa kuma a buɗe su da yamma ga mutanen unguwa, kowa da addininsa, a koyar da karatu da lissafi da ɗinki a kan kuɗi kaɗan. Hamza ya ce da baki cike, in dai karatu ne zalla, zai kawo ƙannensa mata biyu su koyi ɗinki.

Kada wani ya ce ƙaryata ce ta ceci kwalejin. Saura kaɗan ta kashe ta, don sai da Gassis ya sha tambayoyi kafin su yarda ba da saninsa aka yi ba. Kwamiti ya amince da shirinsa, amma aka rufe ɗakin kwana, aka raba ɗalibai gidajen 'yan ikkilisiya. Babu ɗakin kwana, babu kicin. Babu kicin, babu Ayuba.

Abin da na ji tsoro shi ya same ni. Na koma gida na gaya wa Saratu, ina jiran ta ce ai ta faɗa. Ta faɗa kuwa, har sau da yawa. Da ta gama, ta ce in je in roƙi Gassis aron tukunyar. Ya ba ni, ya kuma ba ni wuri a bakin ƙofa. Masu karatun yamma suna fitowa da yunwa, 'yan tasha suna tsayawa, ni da Saratu muna sayar musu da ful da man riɗi. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Na gode wa Yesu da ya fisshe ni daga bautar ƙarya ina da furfura. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in tsoron gobe ya kama ka, kada ka riga Allah gyara masa aikinsa. Ka durƙusa tun kafin ka yi abin kunya, ka dogara gare shi. Aikin da na yi ƙarya don in riƙe ya tafi, amma wanda ke ciyar da ni bai je ko'ina ba. Sunansa ya sami ɗaukaka. Amin!